Sanin Allah Bai Ɗaure Hannun Kowa Ba

Ya ku 'yan'uwana matasan Sakkwato, musamman ɗalibai, akwai wata hujja da take yawo a majalisunmu wadda take kashe wa wasunku zuciya. Ana cewa tunda Allah Ya riga Ya san ko mutum zai ci jarrabawa ko zai faɗi, kuma saninSa ba ya kuskure, to sakamakon ya zama tilas, karatu da barinsa duk ɗaya ne.

Wannan shubuha ta daɗe. Tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya tambaya: idan maganar da ke cewa gobe za a gwabza yaƙi a teku gaskiya ce tun yau, me ya rage wa sarakunan yaƙi su yi shawara a kai? A cikin Musulmi, Jahmu ɗan Safwan da Jabariyya sun kore wa bawa zaɓi, Mu'utazilawa suka ce shi ke halittar aikinsa, Imam Ash'ari kuma ya tafi a kan cewa Allah ke halitta, bawa ke yin kasabi, wato ɗaukar aikin da niyyarsa, a kansa ake yi masa hisabi.

Duk wanda ya karanta littafin tauhidi na Imam Sanusi a zaure ya san hukuncin hankali uku ne: wajibi (abin da dole ya kasance), mustahili (abin da ba zai yiwu ba) da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa). Cin jarrabawarku ja'izi ne. Abin da yake wajibi shi ne sanin Allah ya dace da abin da zai auku, amma hakan bai mayar da abin wajibi a kan kansa ba, kuma Alfarabi, masanin falsafa Musulmi wanda ya rasu a 950 Miladiyya, ya fayyace wannan bambanci. Wanda Ya san ɗalibi zai faɗi, Ya san da ganin damarsa ya rufe littafi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba wanda ke riƙe wannan hujja idan shi aka cuta. Ɓarawo ya sace muku waya ya ce ƙaddara ce, ku gani ko za ku sake shi.

A shekara ta 18 bayan Hijira, da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham, sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ya ƙara da cewa mai raƙuman da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora su kiwo da ƙaddarar Allah ya kora su.