Saboda zaɓen gwamna na ci mutuncin mutumin da ya ba ni masauki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare na yi abin kunya, tun da na idar da sallar asuba na kasa komawa barci, shi ne na ce bari in rubuta ko zuciyata ta ɗan yi sanyi, ko kuma wani da yake kan hanyar da na bi ya taka birki tun bai kai inda na kai ba.

A guruf ɗinmu na Hausawan nan yankin Birjiniya da Merilan a Amurka wani ya turo bidiyo, wai a wata firamare ta nan kusa da mu aka ɗauka, ana koya wa yara ƙanana abin da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Wallahi ko ƙarshensa ban kalla ba. Raina ya ɓaci, na tura shi guruf huɗu har da na 'yan gidanmu a Kano waɗanda ko ƙuri'a ba su da ita a nan, na rubuta a ƙasa cewa ga abin da za ku zaɓa a zaɓen gwamnan Birjiniya ranar Talata 4 ga Nuwamban 2025 in kuka ba 'yan Dimokurat. Sai wani dattijonmu, Baba Alhaji muke ce masa, ya rubuto layi biyu kacal. Ya ce ɗana ka bincika kuwa? Wannan bidiyon na gan shi tun bara waccan, kuma ba a jihar nan ba ne. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuma na danna waya na yi masa saƙon murya na minti uku a gaban mutum sama da ɗari, na ce ai dama irinku kun sayar da addininku, kuna sallah a sahun gaba kuna goyon bayan masu lalata mana yara, na ce abubuwan da yanzu ko saurarensu ba na iya yi.

Wannan mutumin fa shi ya je filin jirgi ya ɗauko ni ranar da na sauka ƙasar nan. Wata biyar ina kwana a falonsa, Hajiya tana zuba min tuwo kamar ɗan da ta haifa, shi ya koya min hanya, shi ya raka ni na ciro lasin tuƙi. Shi na yi wa haka. A kan wa? A kan Winsome Earle-Sears ta Rifablikan da Abigail Spanberger ta Dimokurat, 'yan takarar gwamna, mata biyu da ba su san ina duniya ba, wadda duk ta ci a cikinsu za ta zama mace ta farko da ta mulki Birjiniya, ta shiga gidan gwamnati a Richmond, ni kuma in wayi gari in koma bayan sitiyari kamar kullum.

Abin da ya karya ni shi ne 'yata, shekararta goma sha ɗaya, ashe tana bakin ƙofar kicin tana jina. Da na ajiye wayar ta ce Abba, wai Baba Alhaji kake yi wa faɗa? Wanda yake kawo mana dabino da azumi? Na rasa abin cewa. Ina ta ihu wai ina kare tarbiyyarta, ga shi a cikin gidana, da bakina, na koya mata yadda ake zagin mai furfura.

Kar wani ya ɗauka na sauya ra'ayi a kan makarantu, ban sauya ba. Ina nan a kan cewa uba da uwa su suka fi kowa haƙƙi a kan abin da za a zuba a kunnen ɗansu. Na tuna 2021 lokacin da Terry McAuliffe, ɗan takarar gwamna na Dimokurat, ya tsaya a muhawara ya ce shi bai ga dalilin da iyaye za su riƙa faɗa wa makarantu abin da za su koyar ba, maganar nan ta yi min ciwo kamar yadda ta yi wa iyaye da yawa, kuma tana cikin abin da ya sa Glenn Youngkin na Rifablikan ya kayar da shi da tazarar da ba ta wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Na tuna 2023 da hukumar makarantun gundumar Montgomery a Merilan ta soke damar da iyaye suke da ita ta cire 'ya'yansu daga darasin wasu littattafan labari masu maganar auren jinsi da sauya jinsi, Musulmi da Kiristocin Habasha suka cika titi a Rockville kafaɗa da kafaɗa. Kuma ranar 27 ga Yunin 2025 da Kotun Ƙoli ta ba iyayen nan gaskiya, alƙalai shida a kan uku, na yi hamdala har da ƙwalla. Amma ku duba yadda suka ci nasarar nan. Takarda suka rubuta, taro suka je, lauya suka ɗauka, suka yi haƙurin shekara biyu. Ba da bidiyon ƙarya suka je gaban alƙali ba, da sun je da shi da tun a bakin ƙofa an koro su.

To ni daga ina na samo wannan zafin? Na zauna na yi wa kaina hisabi, na gano. Awa goma nake yi a mota, daga Sterling zuwa Alexandria, in hau titin 495 in sauka titin 66, kuma tun safe rediyon masu sharhin siyasa ne a kunnena. Wasu abubuwan da suke faɗa a kan iyali da kunya da haƙƙin iyaye gaskiya ne, shi ya sa ma suka kama ni. Sai dai mutumin nan da ke magana sana'arsa ce ya hana ka canza tasha, kuma ya san mai fushi ba ya canza tasha. Kullum akwai sabon abin tashin hankali, kullum ƙasa ta kusa rushewa, kullum akwai wasu mutane da ba mutane ba ne, maƙiya ne kawai. Ka sha wannan awa biyar a rana, wata da watanni, sannan ka ce zuciyarka za ta fito yadda ta shiga? A da ƙira'a nake sawa da safe. Ban san ranar da na daina ba, wallahi ban sani ba. Azkar ɗin safe da nake yi kafin in ɗauki fasinjan farko ya koma sai in na tuna. Har takai in ina sallah zuciyata tana shirya amsar da zan ba wani a guruf.

Ɗan'uwa, kai ma duba kanka. Yaushe rabonka da ka tura abu bayan ka tabbatar? Mun haddace ayar nan ta Hujurati tun muna allo, in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, amma da zarar labarin ya yi daidai da abin da muke so sai mu manta da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mu ko ji ba ma yi, kan bidiyon kawai muke gani mu tura. Kuma in aka ce mana ƙarya ne sai mu ce to ai ko wannan ƙarya ne irinsa yana faruwa. Haba jama'a. Haba. Yaushe aka halatta mana ƙarya don muna ganin muna kan gaskiya? Malamar makarantar da aka liƙa wa abin da ba ta yi ba, ko ba Musulma ba ce, ba ta da haƙƙi a kanmu? Allah ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Bai ce sai in lokacin kamfen ne ba.

Kuma wannan kafirta juna da muke yi a fakaice, mu ji tsoron Allah. Wa ya ce mana akwai jam'iyyar Musulunci a takardar zaɓen nan? Ku duba takarar mataimakin gwamna kawai. A ɓangaren Dimokurat Ghazala Hashmi ce, Musulma, haifaffiyar Hyderabad ta Indiya, 'yar majalisar dattawan jiha a lokacin takarar. A ɓangaren Rifablikan John Reid ne, tsohon mai shirin sharhi a rediyo a Richmond, wanda shi da kansa bai ɓoye cewa namiji ne abokin zamansa ba. To ka gaya min, wane layi ne na masu imani, wane ne na munafukai? Kowa a cikinmu auna cuta yake yi, ya ɗauki wadda yake ganin ta fi sauƙi. Ni na auna na ga makaranta ta fi damuna. Baba Alhaji ya auna nasa. Dangin Hajiya a Chadi suke, kuma Chadi da Sudan suna cikin ƙasashe goma sha biyun da Trump ya rufe wa ƙofa a watan Yunin 2025, ƙanwarta da ake ta shirin ta zo jinya ba ta zo ba. Babban ɗansa ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, tun 1 ga Oktoban 2025 da aka rufe ayyukan gwamnati saboda rikicin kasafin kuɗi yake zaune ba albashi, ga haya ga yara uku. Duk na san wannan. Na sani sarai, amma a cikin minti ukun nan ban tuna ko ɗaya ba.

Ku ma 'yan ɗaya ɓangaren ban kyale ku ba. Na ga yadda kuke kiran duk wanda ya yi maganar littattafan yara bawan Trump, ɗan ƙauye, wanda bai damu da jinin Gaza ba. Kun shiga zuciyarsa ne? Uwar da ta ga abin da aka ba ɗanta mai shekara shida ya karanta ta kasa barci, ita ce kuke yi wa dariya? Ciwo ɗaya ne yake cin mu duka, kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya ɗora a faranti yana ci, ana yi masa tafi da ɗan hoton dariya.

Akwai abin da ya faru a zaɓen nan da ya kamata ya sa gaban kowannenmu ya faɗi. Jay Jones, mai neman kujerar babban lauyan jiha a Dimokurat, a 2022 ya tura wa wata da suka taɓa aiki tare a majalisar jiha saƙonnin waya yana maganar harbin Todd Gilbert, kakakin majalisar jiha na lokacin. Ya rubuta ya wuce abinsa. Bayan shekara uku, a farkon Oktoban 2025, saƙonnin suka fito fili, duk ƙasar ta karanta, ya fito yana ba da haƙuri. Mu kuma muka yi ta yawo da labarin muna cewa kun ga halinsu. Ni da na fi kowa tura shi, ban tsaya na ce wa kaina kai fa ba. Wannan ajiyar waya ce kawai, ajiyar ɗan Adam, ta riƙe magana shekara uku ta dawo da ita harafi da harafi. Ina ga ajiyar da ba a gogewa, wadda babu kalmar da za ta fita daga bakinka face akwai mai tsaro a shirye yana rubutawa? Saƙon muryata na jiya na goge shi daga guruf da asuba. A can ba a goge shi ba, kuma ba za a goge ba sai in Baba Alhaji ya yafe.

Wani abin kuma da nake jin nauyin faɗa. Duk wannan ihun da nake yi a kan makaranta, jiya na tambayi kaina sunan malamar ajin 'yata, sai da na tambayi mamanta. Taron iyaye da malamai na bana ban je ba, na ce aiki. Hadda ɗinta ta tsaya a Tabaraka tun kafin babbar sallah, ban zauna na karɓa mata ko sau ɗaya ba. Na miƙa mata waya da intanet ba iyaka don ta bar ni in yi musu da ƙattai a guruf. Wace gwamna ce za ta shigo gidana ta gyara wannan? Earle-Sears ce za ta tashe ta sallar asuba? A Birjiniya gwamna ba ya ma yin zango biyu a jere, shekara huɗu ce ya tattara ya tafi, shi ya sa Youngkin ba ya cikin takarar nan. Yarinyar nan kuwa ni za a tambaya a kanta.

Ku je ku yi zaɓe, ni ma zan je, kuma wadda na yi niyya ita zan ba. Ku je taron hukumar makaranta ku yi magana da ladabi da hujja, ku karanta littafin kafin ku ce ga abin da ke ciki, ku nemi takardar cire yaro daga darasi in kuna buƙata tunda yanzu kotu ta tsaya muku. Amma don girman Allah ku riƙe harshenku. Don Allah ku riƙe yatsunku. Ranar Laraba 5 ga wata za a cire allunan kamfen daga bakin titi, masu sharhi su kama wani sabon faɗan, mu kuma mu haɗu a sahu ɗaya ranar Juma'a. In ɗayanmu ya faɗi ya mutu a ƙasar nan, wa zai yi masa wanka? Wa zai bi gida-gida ya haɗa kuɗin kabari ko na mayar da gawa gida? Mutanen nan ne dai da muke zagi, ba mu da wasu.

In akwai wanda ka yi wa irin abin da na yi, kira shi yau. Kar ka ce sai bayan zaɓe, ba ka da tabbacin kaiwa Talata. In a guruf ka ci mutuncinsa, a guruf za ka wanke shi, ba a ɓoye ba. In ka tura ƙarya, bi ta duk inda ka tura ka ce ƙarya ce, ko da kunya za ta kashe ka. Ni na fara da guruf huɗun nan da safen nan, na rubuta cewa bidiyon ba na jihar nan ba ne, ban bincika ba, kuma na zalunci Baba Alhaji.

Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Bayan la'asar zan ajiye mota in ɗauki 'yata mu je gidan tare, ina so ta gan ni durƙushe a gabansa kamar yadda ta ji ni jiya. Ku taya ni da addu'a Allah ya sanyaya zuciyarsa ya buɗe min ƙofa. Ku kira naku don Allah, ku kira su yau.