Mu koya wa ɗalibai tsara waƙa, mu kuma koya musu kare haƙƙinsu

Na daɗe ina koyar da Hausa a makarantar sakandare, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke sa yara su haddace jigo da salon waƙoƙin magabata saboda jarrabawar WAEC da NECO, amma ba mu taɓa zaunar da su mu ce kowa ya tsara baiti ɗaya na kansa ba. Yaro zai jero maka sunan Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, amma da zarar ka ce ya haɗa ɗango biyu masu amsa-amo ɗaya sai ya yi zuru.

A zangon da ya wuce na gwada. Na sa su tafa hannu suna ƙirga gaɓoɓi, doguwa da gajera, domin kari, wato ma'aunin waƙa, a kunne yake zama kafin ya sauka a takarda, sannan na ba su aikin 'yar ƙwar biyu, wato waƙa mai ɗango biyu a kowane baiti. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta kawo baiti shida a kan layin jarkoki a famfon unguwarsu, kuma tun ba ta kai na uku ba ajin ya karɓi amshi ba tare da na ce komai ba.

Na san wasu iyaye za su ce waƙa roƙo ce. Ina girmama fargabarsu, amma da waƙa Nana Asma'u ta karantar da mata addini, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Ko mun koyar ko ba mu koyar ba, yaranmu suna shiga situdiyo a Kano da Kaduna da Jos, sai dai suna shiga ne ido rufe.

Wani tsohon ɗalibina ya rubuta waƙa, wani furodusa ya ba shi kuɗin da bai wuce na ɗinkin sallah ba, babu takarda, babu shaida. Waƙar ta shiga fim, ta hau YouTube a shafin wani, har yau sunansa bai fito ba. Da ya zo yana ba ni labari, kunya ce ta kama ni, domin shekara uku yana gabana ban taɓa gaya masa cewa haƙƙin wanda ya tsara waƙa daban yake da na wanda ya ɗauki sautinta ba. Ban gaya masa cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da mallaka wa wani haƙƙin waƙa ba sai a rubuce, kuma akwai hukumar tarayya da aka kafa domin wannan.

Ya kamata ɗalibai su san cewa harkar ba ta tsaya ga mai riƙe makirufo ba. Akwai mai haɗa kiɗa, da mai tace sauti, da masu amshi, da marubucin da wani ke rera waƙarsa, da lauyan da ke duba yarjejeniya, kuma kowannensu yana cin abinci.

Na riga na nemi izinin shugaban makaranta. A zango mai zuwa wannan ɗalibin nawa zai zo ya faɗa wa ƙannensa abin da ya same shi, ni kuma zan kawo samfurin yarjejeniya mu karanta layi bayan layi.