Kifin da ba a miya da shi

Ranar da Yaya ya kira ni ta bidiyo ya hango akwatin gilashi cike da ruwa da kifin ado a ciki, a falona a nan Hambag ta ƙasar Jamus, abin da ya fara tambaya shi ne, "Kilo nawa yake kaiwa?" Na ce masa in ya ƙoshi sosai ya kai santimita 12. Ya yi dariya har da ƙwalla. Shi tarwaɗa yake kiwo a kududdufin siminti a bayan gidanmu a Zariya, kuma a wurinsa kifin da ba za a sa a tukunya ba asarar wuta da ruwa ne kawai.

Ban ga laifinsa ba, da ina gida ni ma haka zan ce. Amma ban yarda cewa wasa nake yi ba.

Kifin nan ana ce masa fileko, ni irin nawa sunansa Ancistrus. Dangin tarwaɗa ne na nesa, asalinsa kogunan Kudancin Amurka. Bakinsa a ƙasa yake, yana mannewa a jikin gilashi yana kankare gansakuka. Namijin yana da wasu tsirai a hanci kamar gemun da ba a taje ba. Abincinsa kokwamba da ɗan ganye, sai guntun itace da ake jefa masa yana gwaguya.

Inda muka rabu da Yaya shi ne wajen haihuwa. A kududdufinsa sai an yi wa macen allura, a matse cikinta ƙwai ya fito a roba, namijin kuma a yanka shi a ciro abin da za a haɗa da ƙwan. Haka sana'ar take, kuma ita ke ciyar da gida. Ni kuwa bututun yumɓu na sa, mai toshe a gefe ɗaya. Namijin ya shige ya share shi, ya kama gadi. Na sauya wani kaso na ruwan da mai ɗan sanyi, kamar an yi ruwan farko na damina. Bayan kwana biyu na haska tocila ciki, sai ga ƙwai curi guda, launin ruwan goro, shi kuma ya kwanta a kai yana yi musu fifita. Macen tuni ta koma kan kokwambarta, ko a jikinta. Kusan mako guda bai fito ya ci komai ba. Da suka ƙyanƙyashe, kowanne ɗauke da ɗan gwaiduwarsa a ciki, ya ci gaba da tsare ƙofa har suka fara fita. 'Ya'yan tarwaɗa kuwa, in ba ka ware manya daga ƙanana ba, junansu za su cinye.

Shekara nawa ina cin tarwaɗa da kurungu, ban taɓa tsayawa na ga yadda kifi yake rayuwa ba sai a nan. (Kurungun namu ma na gan shi a shagon kifin ado, da farashin da ya sa na yi salati.)

Kuma akwai amfanin da ya wuce kallo. Akwai wani ɗan ƙaramin fileko mai zanen jakin dawa, daga kogin Shingu na Brazil, wanda ƙasar ta hana fitar da shi a 2004, sannan madatsar Belo Monte ta rage ruwan da yake zaune a ciki. Yawancin waɗanda ke hannun mutane yau a akwati aka haife su. Jamusawa sun ɗauki abin da gaske, wata mujallarsu ce ta fara ba waɗannan kifaye lamba tun 1988, shi wannan mai zanen lambarsa L46.

Abin da na yarda da Yaya a kai shi ne wuta. Injin tace ruwa ba ya son tsayawa, kuma a gida kwana ɗaya babu lantarki ya isa ya gama da akwati. Zafin ruwa dai kyauta ne a can, ni nan sai na biya kuɗin hita.

Makon jiya na kai 'ya'ya 30 shago, aka musanya mini da abincin kifi. Da na faɗa wa Yaya, sai ya yi shiru, can ya ce, "To, nawa ne guda ɗaya?"