Ba masu cin awara ne ke cinye dajin Amazon ba

Akwai wata magana da ake ta yawo da ita, wai masu ƙin cin nama su ne ke jawo sare dajin Amazon a Burazil, saboda waken suya da ake nomawa don a yi musu awara da madara. Gaskiya abin ba haka yake ba.

Wajen kashi uku cikin huɗu na waken suyar duniya dabbobi ake ba, a matse mai a ɗauki tunkuzar a zuba wa kajin gidan gona da aladu da shanun madara, shi ya sa ma Chaina ta fi kowa sayen na Burazil, aladunta da kajinta take ciyarwa. Wanda mutum ke ci kai tsaye kamar awarar da ake soyawa a bakin layi da yaji ɗan kaɗan ne, ko kashi 10 cikin 100 bai kai ba.

Kuma fa yawancin dajin da aka sare ba waken ma aka shuka ba, filin kiwon shanu aka mayar da shi, sai a cinna wa dajin wuta a shuka ciyawa a zuba shanu.