Kafin Ka Ce Za Ka Zauna Shekara Guda Don Neman Likitanci

Ƙannena maza da mata da kuka nemi likitanci a ABU bana sunanku bai fito ba, nasihar taku ce. Wasunku an ba su wani kwas a CAPS, wato shafin da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, wasu ko oho ba a ce musu ba, kuma a gida an rabu biyu: Baba na cewa a karɓi abin da ya samu, kai kuma zuciyarka na cewa ka zauna ka sake JAMB baɗi. Zaman ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawa suna zama ba tare da sun san abin da ya kayar da su ba, sai su maimaita shekarar bara sak.

Ɗauko takardunka ka baje su a tabarma tukuna. Fara da sakamakon WAEC ko NECO. Likitanci na buƙatar kiredit 5: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma jami'o'i da dama suna son su a zama ɗaya. In kiredit ɗinka a haɗe suke daga jarrabawa biyu alhali jami'ar zama ɗaya take so, ko akwai D7 (wanda bai kai kiredit ba) a kemistiri, to ko ka ci 300 a JAMB aikin baban giwa ka yi. Wannan shi ne mai dalilin zama na gaskiya, domin gyaransa a fili yake: ya sake rubuta jarrabawar, ya duba ƙa'idar jami'ar da yake so a kundin JAMB na shekarar kafin ya biya ko sisi. Akwai kuma wanda takardunsa lafiya lau, amma bai je cibiyar CBT, inda ake jarrabawar JAMB ta kwamfuta, an ɗora masa sakamakonsa na WAEC ko NECO a CAPS ba. Shi ba karatu ne ya kayar da shi ba, sakaci ne, kuma abin takaici ne a yi asarar shekara a kan aikin rabin awa.

Sai makin JAMB. Kada ka tsaya a jimlar, ka duba kowane darasi, tunda kowanne a kan 100 yake. Mai 75 a bayoloji da 42 a fiziks ya san inda ciwonsa yake. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, Turanci 60, sauran ukun 40-40, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yara da yawa sun san amsar, lokaci ne ke cinye su a lissafin fiziks da kemistiri, ko kuma hannunsu bai saba da kwamfuta ba. Maganin wannan ba ƙarin karatun dare ba ne, atisaye ne da agogo a gefe.

Ka kuma san cewa gurbin likitanci ƙidayayye ne. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Nijeriya, ita ce ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, ga kuma tsarin rabon gurbi a jami'o'in tarayya: kashi 45 na cancanta, 35 na yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. ABU kuwa duk Arewa ita ake hari. Saboda haka wanda ya rasa da maki kaɗan ya yi tunanin BUK, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko KASU ta jihar Kaduna, maimakon ya kafe a kan sai Samaru, mazaunin ABU.

Idan ka yanke za ka zauna, ka sani sakamakon JAMB ba ya kwana, na shekararsa ne kawai. Daga fitowar sunaye zuwa jarrabawa ta gaba watanni ne ƙalilan, ba shekara cikakkiya ba kamar yadda ake zato. Ka sami manhajar JAMB ka bi ta maudu'i bayan maudu'i, ka ba darasin da ya fi ba ka wuya safiya, lokacin da kai ke sake. Sau ɗaya a mako ka zauna cikakkiyar jarrabawar gwaji a kwamfuta, ka rubuta makinka a littafi. In bayan wata 3 makin bai motsa ba, lesin ɗin da kake zuwa bai karɓe ka ba, ka canja. Zama a shagon Baba a Sabon Gari tun safe har magariba da littafi a ƙarƙashin kanta ba shiri ba ne. Ku yi magana da shi tun farko a kan awannin da za a sakar maka.

Akwai hanyar IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, wadda ABU ce ma ke kula da ita, ana shiga aji 2 na jami'a kai tsaye da ita. Tana da kyau ga mai ƙwazo, amma gurbinta a likitanci ya fi na JAMB ƙaranci, kuma sai da sakamako mai ƙarfi ƙwarai. Mai hankali yakan haɗa biyun.

Game da karɓar wani kwas da niyyar a sauya daga baya kuwa, a ganina nan aka fi yaudarar kai. Sauyi zuwa likitanci abu ne mai wuyar gaske, kada ka gina rayuwarka a kan "wani ya ce ya san wani". Ka karɓi harhaɗa magunguna, ko aikin jinya, ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti in har za ka iya zama a cikinsu da zuciya ɗaya. Sana'o'i ne masu daraja a kan kansu.

Ke kuma ƙanwata, zaman gida yana zuwa da nasa matsin, musamman maganar aure. Ki sa Baba da Mama su amince da tsarin tun yanzu, a bakin wani babba da suke jin nauyinsa.

A yi lissafin shekaru ma. Karatun shekara 6 ne, daga Samaru zuwa asibitin koyarwa na Shika, sai shekara 1 ta horon sabon likita, sai 1 ta bautar ƙasa, ban da yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata 8. Ɗan shekara 17 yana da sararin zama sau ɗaya. Wanda ya rubuta sau 3 makinsa na yawo wuri guda, shawarata ya karɓi kwas ɗin da aka ba shi bana.