Kyanwarku ba ta fita, amma takalminku yana fita

Jama'a masu kiwon kyanwa a cikin ɗaki, don Allah a daina cewa "ai ba ta leƙa waje, me za ta yi da rigakafi?" Ita ba ta fita, ku kuna fita.

Akwai cutar da likitocin dabbobi ke kira fanlukofeniya. Ƙwayarta kan yi shekara guda a ƙasa ba ta mutu ba, sabulu ma ba ya kashe ta, sai irin su bilic. Mutum ya taka inda kyanwa mai ciwon ta yi kashi, ya shigo gida, ta gida ta bi ta wurin ta lashe tafinta, shi ke nan. Sai amai da gudawa, garkuwar jiki ta karye. Ƙaramar kyanwa kan mutu cikin 'yan kwanaki.

Allura guda ce ke haɗa wannan cuta da cututtukan mura iri biyu, ana kiranta FVRCP. A fara tana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ta kai mako 16. A nan mutane da yawa suke kuskure: su yi ta farko su ce an gama. Kariyar da ta sha a dakashin uwarta tana iya kashe ƙarfin allurar, kuma babu mai sanin makon da kariyar za ta ƙare. Shi ya sa ta mako 16 ta fi kowacce muhimmanci. Daga nan a ƙara ɗaya tsakanin wata 6 da shekara guda, sannan duk shekara 3.

Ta haukan kare kuwa ba ta da sassauci. Jemage, wanda zai iya ɗauke da ciwon, kan shigo ɗaki, kyanwa kuma ba ta ganinsa ta ƙyale. Ciwon in ya bayyana ba shi da magani, ga dabba ko ga mutum. Daga mako 12 ake yi, a maimaita bayan shekara, sannan a bi abin da irin allurar da dokar wurin suka tanada.

Inda zaman ɗaki ke rage allura shi ne cutar FeLV, wato sankarar jini ta kyanwa, wadda ke yaɗuwa ta yawu tsakanin kyanwa da kyanwa. Babbar da ke zaune ita kaɗai za ta iya haƙura da ita.

Kada a yi wa marar lafiya allura, mai ciki kuma a gaya wa likita tukuna. Maganin allurar da ya bar sanyin firiji, digiri 2 zuwa 8, ya lalace. Kasala ta kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ce, amma fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan take. Ƙullutun wurin allura kuma in ya wuce wata 3, ko ya fi santimita 2, ko yana ƙara girma bayan wata guda, likita ya duba shi.