Ƙannena, Ku Daina Watsa Mana Bayanai Kamar Hatsin Kaji

Jiya bayan Isha'i a Shara Mansur, nan Makka, wani yaro da na ɗauka tamkar ƙanena ya buɗe mini kwamfutarsa rai a ɓace. Ya rubuta wa wani mai jigilar 'yan Umara manhaja da yaren kwamfuta na Python, tana fitar da lambobin fasfo a fayil ɗin JSON, wani tsarin rubuta bayanai da manhajoji ke musaya. Duk sanda ya kunna ta, jerin sai ya fito daban, alhali ko mutum ɗaya ba a ƙara ba. Git kuwa, mai bibiyar sauyin da aka yi wa fayil, sai nuna ja da kore yake yi, wai an sauya komai. Da na duba, cikin set, wata ma'ajiyar bayanai ta Python, ya tara lambobin, ya kwashe su haka nan ya juye. Na ce me ya hana ka jera su? Ya ce, "Yaya, ai duk suna ciki."

Ai duk suna ciki! Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Set ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin jeri ba. Tun Python 3.3 a 2012, lissafin da ke zaɓar wa kowane rubutu gurbinsa yana sauyawa duk lokacin da aka tayar da manhaja, kuma da gangan aka yi, don toshe wa maharan intanet ƙofa. Masu yaren Go ma da gangan suke hargitsa jerin da abubuwa ke fitowa daga tasu ma'ajiyar mai suna map, don kada malalaci ya dogara da shi. Ka tambayi rumbun bayanai ba ORDER BY, wato umarnin jerawa, abin da ya zo hannunsa zai miƙo maka. Kai kuma ka ga ya fito daidai sau biyu, ka ce shi ke nan. Kama da wane ai ba wane ba ce.

To wa zai gano fasfo ɗaya da ya salwanta a cikin wannan hargitsi? Lamba biyu su yi musayar wuri, hatimin SHA-256 da ake tantance fayil da shi ya zama wani dabam, wanda ka aika wa ya ce fayil ɗin jabu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har ƙa'ida aka rubuta a 2020, RFC 8785, kan yadda za a jera mabuɗan JSON, wato sunayen bayanan da ke ciki, amma wa ke karantawa? Kuna can kuna kwafo lambar da ba ku fahimta ba, ido ɗaya a TikTok, gwaji kuwa sai ranar da motar Madina ta tsaya a ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dai jera abinku kafin ku rubuta, kalma ɗaya ce a Python, sorted.

Ina tuna dattawanmu masu hidimar alhazai a da. Littafi ne da biro, an ja layi da rula, kowa da lambarsa. Ka zo da tsakar dare neman sunan tsohuwar da ta ɓace a Mina, malam ya lashi yatsa ya buɗe shafin. Ba su san Python ba. Yaron nan kuwa, ina cikin magana ya ce in dakata, saƙo ya shigo masa.